Ranar da Na Hana a Sace Min Iskar Taya

Abubuwa da yawa na manta da gangan a rayuwata, kuma sun tafi abinsu. Asabar ɗin da na kai Dakta da mahaifiyarsa yawon sahara ita ce ta ƙi tafiya. Ba zan taɓa mantawa da ita ba ko na so, kuma na so ɗin.

Ni direba ne. Ban yi boko ba. Na yi karen mota, na ja bas tsakanin Kano da Gumel, na je Libiya na dawo da raina da riga ɗaya, daga baya Allah ya kawo ni Doha. A nan ina tuƙa wani dattijo Balarabe a unguwar Madinat Khalifa. Shi ne kafil ɗina, wato aikina da zamana a ƙasar duk a hannunsa suke. Mu ma'aikatan gidan Baba muke ce masa. Ba shi da faɗa, amma ba ya maimaita magana. Direban da na gada ya goga masa mota a jikin gini ya yi shiru, kafin sati ya zagayo yana cikin jirgin gida. Ni kuwa ina da mata da 'ya'ya a makaranta, duk wannan sitiyarin suke kallo.

Zuwa Libiyan nan ta ƙasa na yi shi, ta Agadas. Na ga abin da na gani. Mun binne mutane da hannu a hanya. Ba na yawan magana, amma ranar Juma'a idan mun taru a ɗakin 'yan uwa a Industrial Area ana cin tuwo, akan ja ni da hira, sai in ɗan gutsura musu. Da yake sun san ni direba ne, sai suka ɗauka ni na tuƙa motar da ta ƙetare da mu. Ban taɓa cewa ni ne ba. Ban kuma taɓa cewa ba ni ba ne. (A bayan a-kori-kura nake, ƙafafuna na reto a waje, na rungume wata sanda da aka kafa don kada mu faɗo.) Har suna suka sa min, Na-Sahara, ni kuma na amsa.

Dakta ɗan Haɗeja ne, likita a nan Doha, yaro mai mutunci. Lokacin da hawan jini ya kayar da ni shi ya tsaya min kamar ɗan da na haifa. To sai mahaifiyarsa ta zo masa ziyara cikin sanyi. An kai ta manyan kantuna, an kai ta Corniche, wato bakin tekun cikin gari, ta ga jiragen ruwa na katako, ta ce duk ta gani, amma ita tunda ta zo ba ta taka ƙasa ba, daga tayil sai kwalta. Dakta ya ce zai kai ta can kudu, Khor Al-Udaid, inda gwamnati ta killace, wurin da teku ya kutsa cikin tuddan yashi. Motarsa ƙarama ce, don haka zai ɗauki hayar masu kai baƙi.

Na ce, "Haya kuma, ina raye?"

Ya ce, "Malam, tuƙin yashi fa daban ne."

Na dube shi kawai. Sai ya ji kunya ya ce, "Afuwan, na manta da wa nake magana."

Na je na roƙi Baba aron babbar jif ɗinsa fara, wadda yake fita farauta da ita. Motar nan ko ɗansa ba ya ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ka san yashi?" Na ce na sani. Ya miƙo makulli ya ce, "Yadda ka ɗauke ta haka za ka dawo da ita. Yalla, je ka."

Mun fita da hantsi, Dakta a gaba, Hajiya a baya da sandarta da kular abinci. Tsohuwa ce ƙarama mai kaifin ido, gwiwa ta hana ta tafiya mai nisa amma ba abin da ya taɓa bakinta. Tun kafin mu fita gari ta gama tambayata garinmu da sunan ubana da dalilin da ya sa ban ƙara aure ba. Dakta ya ce, "Inna, wannan da kike gani shi ya ƙetare Sahara har Libiya." Ta ce, "To madalla, ashe muna hannun gwani." Na gyara zama.

Bayan garin Mesaieed kwalta take ƙarewa. Wurin kamar ƙaramar tasha yake, ga masu raƙuma suna ɗaukar baƙi, ga rumfunan shayi, ga motoci birjik. Na faka na ce bari in karɓo mana shayi. Ina dawowa da kofuna a hannu sai na ji wani sauti da na sani tun ina karen mota. Tsss. Na leƙa. Wani siririn mutum, ɗan Bangaladash, ya tsuguna gindin tayar gaba yana sace mata iska, ta baya kuwa har ta kwanta.

Duk wanda ya ja mota a gida ya san ma'anar wannan. Idan mutum ya durƙusa gindin tayarka yana sace iska, to hukunci ne ko neman faɗa. 'Yan tasha suna yi wa wanda ya yi lodi a waje. Masu kula da hanya suna yi wa wanda ya tsaya inda aka hana. Abokin gaba yana yi maka. Ba a taɓa yi wa mutum don ƙauna ba. Ban yi tunani ba, na ajiye shayin a kan mota na damƙi kwalar rigarsa na ɗaga shi tsaye. (Ba shi da nauyi, Allah ya yafe min.) Na zuba masa duk Larabcin da na sani, da ya ƙare na ci gaba da Hausa.

Yana ta cewa, "Sadik, sadik," wato aboki, yana nuna bayana.

Dakta ya taho da gudu. "Malam, sake shi, ni na sa shi. Aikinsa ke nan. Ana rage iskar ne don tayar ta baje a kan yashi."

Na sake shi. Na duba hagu da dama. Kowace mota a wurin akwai mutum tsugune a gindinta, ko'ina tsss kake ji. Har wata Baturiya na gani da ɗan ƙarfenta tana yi da kanta. A nan ya kamata in ce ban sani ba, a yi dariya a wuce. Amma mutane sun taru, Hajiya ta sauke gilashi tana kallo, ga kuma sunan da na ɗauko tun daga Industrial Area.

Na ce, "Dakta, kai ka san allura, ni na san mota. Waɗannan 'yan wasa ne. Ba a shiga daji da taya a kwance."

Ya ce, "Amma kowa fa..."

Na ce, "A mayar min da iskata."

Mutumin nan ya jawo bututu yana gyara kwala, ya cika tayoyin. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina harbi da ƙafa, na ce ya ƙara wa ta baya. Ya dube ni, ya dubi Dakta, ya girgiza kai ya ƙara. Muka shiga yashi da tayoyi kamar dutse.

Allah ya rufa min asiri da farko. Tsakanin tuddan akwai wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai gishiri, tauri gare ta, motoci sun yi mata sawu, sai na bi nan. Sauran motocin suna hawa tudu suna gangarowa, yashi na tashi a bayansu. Dakta ya ce ba za mu ɗan hau ba? Na ce bayan Hajiya ba zai ɗauka ba. Ta ce ita bayanta lafiya lau. Na yi kamar ban ji ba. Duk inda yashi ya kwanto kan hanya sai in ji motar tana nishi tana neman tsayawa, in taka totur ta fice da ƙyar.

Wurin dai yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Tuddan yashi farare sumul, wani ya fi bene tsawo, iska ta zana musu layi kamar an yi da tsintsiya. Dakta yana ta bayani, wai an hana farauta, an hana zubar da shara, akwai barewa da kunkurun ruwa. Hajiya ta leƙa ta ce, "Yanzu wannan ne gandun dajin? Ko kargo babu. Barewar yashi take ci?" Can muka zagaya bayan wani dogon tudu, sai ga ruwa shuɗi kwance a tsakiyar sahara, wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu tsaye a ciki. Dakta ya nuna tsallaken ruwan ya ce duwatsun can ƙasar Saudiyya ce.

"Can ne Makka?" in ji Hajiya.

"Ƙasar ce dai, Inna, amma Makka da nisa."

"Ko da nisa," ta ce, ta ɗaga hannu ta yi addu'arta.

Mutane sun taru a wani gefe can nesa, amma hanyar zuwa wurinsu sai an hau tudu. Na ce mu nemi inda ba hayaniya. Hajiya ta ce tana so ta sa ƙafa a ruwan. Dakta ya ce mu tsaya nan kan tauri ya riƙa ta su taka. Na ce tsohuwa ba za ta wahala ba ina riƙe da mota. Na karya kai na gangara bakin ruwa. Ƙasar ta yi kama da wadda muka baro, amma muna hawa na ji motar ta yi nauyi, ta ja, ta ja, ta zauna. Na ɗan taɓa totur, na ji bayanta ya ƙara yin ƙasa.

Na kashe ta na ce, "Nan ya yi."

Wallahi haka na yi. Na fito na shimfiɗa musu darduma a gefen da ba za su ga tayoyin baya ba. Hajiya ta sa ƙafa a ruwa ta ce sanyi kamar randa. Muka yi azahar. Aka buɗe kula, shinkafa da miyar kaji, ga dambun nama da ta taho da shi daga gida. Ina ci ba na jin ɗanɗano. Lissafina shi ne in sun gama sun juya kallon tsuntsaye, in lallaɓa in fitar da ita ba wanda ya sani.

Hajiya ce ta fara lura. Ta ajiye cokali ta ce wa Dakta, "Kai Bashir, ruwan nan tafiya yake yi."

Dakta ya ce, "Ina, Inna?"

"Inda na tsaya ɗazu na sa ƙafa, ga dutse can, a busasshe yake. Yanzu ina dutsen? Ni a bakin kogi aka haife ni, na san ruwa in yana zuwa."

Dakta ya miƙe ya duba. Ya ce haka teku yake, yana janyewa ya dawo kullum, kuma inda muke zaune ɗin nan cikinsa ne, ga alamar inda yake kaiwa can bayan motar. Ya ce mu tattara mu matsa sama. Ni ban san teku yana haka ba. Wanda na sani na Corniche ne, shi kuma an yi masa katanga.

Na shiga na tayar. Na sa giyar baya na taka. Tayoyi suka juya a wuri ɗaya suna watsa yashi. Na sa ta gaba na taka da ƙarfi. Na sa babbar giyar da ke jan ƙafa huɗu na taka har ƙasa, injin yana kuka. Da na fito, motar Baba ta zauna daram a kan cikinta kamar kaza a kan ƙwai.

Dakta ya zagaya ya duba. A hankali ya ce, "Malam, tun yaushe?"

Na ce, "Tun zuwanmu."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya hau ɗan tudu yana ɗaga waya sama har ya samu layi, ya kira masu jawo mota. Suka ce za su zo amma suna da nisa. Ya tambaye su ruwa fa, suka ce mu kwashe kayanmu daga ciki. Na san abin da wannan yake nufi. Ruwan gishiri in ya shiga inji, motar ta gama. In motar ta gama ni ma na gama. Mu ba abin da zai same mu, ga tudu nan mu hau. Motar ce kawai, da jirgin da na hango kaina a ciki da 'yar jakata.

Ba mu da shebur. (Wane gwani ne yake shiga yashi ba shebur? Ni.) Na ɗauki murfin kula, Dakta ya ɗauki faranti, muka durƙusa muna tona. Likita guda, da farar shaddarsa, yana haƙa da farantin shinkafa. Muna kwashewa yashi yana komawa, ramin yana tsatso ruwa daga ƙasa. Na ciro shimfiɗun roba na cikin motar na cusa ƙarƙashin taya, na sake gwadawa, tayar ta haɗiye su ta tofar ta baya. Ruwa kuwa bai fasa ba. Ba gudu yake ba, lallaɓowa yake, ya taɓa ya koma, ya dawo ya wuce inda ya taɓa. Ya cinye inda muka yi salla.

Hajiya tana zaune a kan kular a gefe, ta dogara haɓa a kan sanda tana kallona. Can ta ce, "Ɗan nan, zo."

Na je na tsuguna, yashi har cikin gemu.

"Wannan Saharar da ka ƙetare, a ina kake zaune a motar?"

Dakta ya daina tona.

"Da kai nake. Gaba ko baya?"

Na ce, "Baya, Hajiya."

"Kujerar baya?"

"A'a. Bayan a-kori-kura. A kan jarka."

"To wa yake tuƙin?"

"Wani Batube ne, mutanen can cikin Sahara."

Ta gyaɗa kai kamar mai sayen kaya da ta gama taya farashi. Ta ce, "Shi Batuben, da za ku shiga yashi, bai taɓa tayarsa ba?"

Sai abin ya dawo min tar. Muna fita Agadas mutumin nan ya tsaya, ya zagaya motar da ɗan tsinke yana sace iska. Mu da ke baya har gunaguni muka yi, wai an ɗebo mu a mota mai lalatattun tayoyi. Ni da bakina na faɗa wa na kusa da ni cewa wannan direban bai san aiki ba. Shi ya kai mu har Sabha, cikin Libiya.

Na ce, "Ya taɓa, Hajiya."

Ta ce, "To tashi ka taɓa taka, ka bar tsuguno a gabana."

Na je gindin tayar da na sa aka ƙara wa iska, na durƙusa, na danna mata kan makulli. Tsss. Na bi su duka. Dakta ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Ban sani ba ko kuka yake ko dariya, ban kuma tambaya ba. Na sake gwadawa. Ta ɗan motsa, amma na riga na binne ta da yawa, cikinta ya manne da ƙasa. Lokacin ruwa ya fara lasar tayar baya.

Hajiya ba ta zauna ba. Ta cire mayafinta ja ta ɗaura a kan sanda, ta sa Dakta ya riƙa ta suka hau ɗan tudun, ta ce ya ɗaga ya yi ta kaɗawa. Ni na ci gaba da tona, ruwa har idon sawu, ina karanto duk abin da na haddace. Ban ji zuwan motar ba. Ɗaga kai na yi na ga wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya can kan tauri, da kayan kamun kifi a baya. Wani tsoho Balarabe ya fito, baƙi siriri, ya naɗe rigarsa a ƙugu, ba takalmi.

Ya yi sallama. Bai yi sauri ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan a lokacin. Ya dubi ruwan, ya dubi motar, ya danna tayar da babban yatsan ƙafa, ya tsuguna ya ƙara rage iskar har na ga kamar za ta fita daga ƙarfenta. Ya ciro shebur ya miƙo min, ya nuna ƙarƙashin cikin motar. Ashe ba gindin taya ake tona ba. Na kwanta cikin ruwa na kwashe. Shi kuma ya ɗaura wata faffaɗar igiya tsakanin motocin.

Sannan ya tambaya wane ne direba. Hajiya ba ta jin Larabci amma ta gane, ta nuna ni da sanda. Ya yi wata tambayar. Na ji ta sarai, amma Dakta ya fassara don Inna ta ji. "Wai yau ka fara shiga yashi?"

Hajiya ta ce, "Gaya masa gaskiya, ɗan nan, ruwa na jira."

Na ce, "Yau na fara."

Tsohon ya ce ya gani. Na shiga motar, ya zo taga ya kama gwiwata ta dama ya matsa, ya ce, "Shwayya, shwayya," wato kaɗan-kaɗan. Ya ce kada in taka sai na ji igiya ta miƙe, kuma in taka kamar ƙafata na ciwo. Ya koma motarsa. Igiya ta miƙe, na taɓa totur da ɗan yatsa. Motar ta yi rawa, ta yi wani sauti kamar an zare ƙafa daga laka, ta ɗago. Muka ja, muka ja, sai na ji tayoyi sun kama tauri. Ban tsaya ba sai da na wuce alamar ruwan da nisa.

Na kashe ta na fito. Na zauna a ƙasa na jingina da tayar. Muna nan zaune muka ga ruwa ya cika ramin da muka bari, ya shafe shi sumul. Farantin Dakta ɗaya ya tafi da shi. Dakta ya kira masu jawo mota ya ce su koma. Tsohon ya ƙi karɓar komai, sai dambun nama da Hajiya ta tura masa dole. Ya ɗanɗana ya ɗaga gira, ya karɓe robar gaba ɗaya.

A hanyar dawowa motar tafiya take kamar jirgin ruwa, ba nishi ba ja. Har wani ɗan tudu na hau. Hajiya ta ce, "Ka ga yanzu ka fara zama direba." Da muka iso bakin kwalta dole a mayar da iska, kuma layin mutumin nan ne ba kowa. Yana hango ni ya kai hannu kwalarsa. Na fito na ba shi haƙuri da Larabcina na kasuwa. Ya dubi gemuna da yashi, ya dubi wandona jiƙe da gishiri, ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Na tsaya suka gama kallo. Haƙƙinsa ne.

Na sauke su Dakta, na wuce Industrial Area aka ɗaga motar aka wanke ƙarƙashinta da ruwa mai daɗi. Mai wankin ya ce ruwan bai kai inda ake tsoro ba. Na ce ya sake dubawa, ya sake, ya ce lafiya lau. Na isa gida bayan magariba, Baba yana zaune a ƙofar majalisarsa da shayi. Na miƙa makulli. Ya tashi ya zagaya motar, tana ƙyalli. Ya sunkuya ya sa yatsa can cikin ƙarfen tayar baya, inda ruwan wanki bai kai ba, ya kai baki.

"Gishiri," in ji shi. "Ka shiga teku?"

Na ce, "Ban shiga ba, Baba. Na tsaya ne ya zo ya same ni."

Na faɗa masa duka, tun daga kwalar mutumin nan har igiyar tsoho. Ban rage ba. Na ce kuma da ya tambaye ni ko na san yashi na ce na sani, ban sani ba. Ya tsaya yana juya makullin a hannu, ni kuma ina tunanin abin da zai shiga jakata da abin da zan bar wa mai dafa abinci. Sai na ji wani sauti daga ƙirjinsa. Na ɗauka tari ne. Dariya ce, har sai da ya dafa motar.

"Ka sa aka mayar da iskar?"

"Na sa."

"Har ka ce a ƙara?"

"Ta baya kawai."

Ya share ido da gefen rawaninsa ya ce, "Khalas, shi ke nan. Asabar mai zuwa za mu fita ni da kai. Kai za ka tuƙa, ni zan riƙe sanda in koya maka yashi." Ya koma wurin shayinsa.

Na shiga ɗakina na yi nafila, na kira gida na ji muryar yara, ban faɗa musu komai ba. Na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Shan wahalar wuri daban, sanin wurin daban. Buhun gero ma yana ƙetare Sahara a bayan mota ya isa Libiya lafiya, amma ban taɓa jin an ba shi makulli an ce ya kai tsohuwa yawo ba.